Kifaffen Kofin Mai Agogo

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka da Mai Agogo. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa, shi ma na katako, in na yi tari sai in ji ya ce sannu daga can. Ni aski nake yi, shi gyaran agogo. Ni bakina ba ya hutawa, don mai askin da ba shi da surutu mutane barci suke yi masa a kujera. Shi kuwa sai ya wuni bai furta kalma ashirin ba, rabinsu ma "dawo jibi" ne.

Gajere ne, siriri, idonsa na dama ya fi na hagu ƙanƙanta saboda ɗan gilashin nan da yake maƙalawa in zai leƙa cikin agogo. Shagon bai fi taku huɗu ba. Akwatin gilashi a gaba, cike da agogunan da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, ga hantsaki da ƙananan sukundireba a jere bisa tsumma, kowanne da mazauninsa. Tun da waya ta shiga aljihun kowa sana'ar ta fara mutuwa a hannunsa. Daga baya in ka ga mutum tsaye gaban akwatin nan, to batir zai canza ko maɗauri. Bai taɓa kuka da haka a gabana ba. Ƙarfe takwas zai buɗe, da mai zuwa ko babu.

Mutum ne mai ƙa'ida, irin ƙa'idar da ke ba da haushi. Ya taɓa tafiya ya bar maiɗakinsa da mayafi a hannu, za su je duba mara lafiya, don ta ƙara minti biyar a kan lokacin da suka yi. Da na yi masa faɗa sai ya ce, "Ita ta ce ƙarfe huɗu, ba ni ba." Na ce Allah Ya ƙara wa matar nan haƙuri, don da ni ce ita da tuni agogunan nan sun kwana a rijiya.

Amma ranar Lahadi da yamma wani mutum ne daban. A bayan shagonsa akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da tebur da kujeru huɗu, babu biyu masu kama da juna. Nan muke wasan labari. Asalin wasan wani littafi ne marar bango da ya tsinta wurin mai sayar da tsofaffin takardu a bakin titi, rabinsa ɓera ya cinye. Malam, wanda ke koyar da lissafi a makarantar ƙarshen layinmu, shi ya karanta mana abin da ya rage. Abin da ɓera ya ci kuwa Mai Agogo ya ƙirƙiro da kansa, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango da ba ya bari kowa ya taɓa.

Ga yadda abin yake. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ne Mai Agogo. Shi zai ce muku kun iso gari kaza, rana ta yi zafi, ga mai gadi a ƙofa ya tare hanya. Sauran kowa da mutuminsa a cikin labarin, kai za ka faɗi abin da naka zai ce da abin da zai yi. In abin yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙi, sai a jefa ɗan ludo ya raba gardama. Mutumina ɗan sane ne, ba don hali ba, don dai ba wanda ya yarda ya ɗauke shi. Na Malam mai magani ne. Na huɗunmu shi ne ƙanen Mai Agogo, uwa ɗaya uba ɗaya, direban tirela, ƙato mai dariya kamar ana buga ganga. Yayansa da mahaifiyarsu kaɗai ke kiran sa Auta, mu Direba muke cewa. Mutuminsa wani mahayi ne mai takobi, mai kai saƙo gari gari. Marafan kwalba ne mutanenmu a kan tebur, tsinken ashana kuma shi ne rai. Kowa da nasa a gabansa, in aka sare ka a karya ɗaya, in sun ƙare ka mutu.

To a nan ne bakin Mai Agogo ke buɗewa. Mutumin da ba ya iya taya albasa a kasuwa sai ka ji shi ya zama tsohuwa mai masifa, ya zama alƙali, ya zama ɗan kasuwa mai rantsuwar ƙarya. Muryarsa ma canzawa take yi. Mun sha dariya a ɗakin nan har Malam ya cire tabarau yana share hawaye.

Wasan kashi biyu ne, magana da faɗa. Muddin ana magana ba layi, kowa ya sa baki, a yi ciniki, a yi roƙo, a yi barazana. Faɗa kuwa bi da bi ne, kowa ya jira nasa jifan. Matsalar ita ce tsakaninsu. Da farko sai a rikice, wannan yana ba da haƙuri, wancan ya riga ya kai sara, a yi ta musu wa ya riga wa. Mai Agogo ba ya son rikici, sai ya kawo kofi.

Kofin mahaifiyarsu ne, na ƙarfe, fari mai shuɗin baki, fentin ya ɓare a gindi. Duk sanda ta gan mu sai ta ce, "Ku dawo mini da kofina, gandama-gandaman banza masu wasan yara." Ba a mayar ba. Yana zaune a tsakiyar tebur, bakinsa sama, alamar ana magana. Da zarar wani ya ce ya zare makami, sai Mai Agogo ya ɗora hannu a kan kofin ya tambaya, "Akwai sauran magana?" In wani ya ce akwai, sai a dakata a saurara. In an yi shiru sai ya kife shi. Daga nan ba wanda zai ƙara cewa uffan a cikin labari sai ɗan ludo, har wani ɓangare ya faɗi. Wanda ya yi nasara shi ke tayar da kofin da hannunsa.

Akwai ƙari a dokar, kuma ni na jawo shi. Da can in ya tambaya akwai sauran magana, shi da kansa yake amsawa da bakin mutanensa. Sai mu zare takobi za mu gama da wani azzalumi, azzalumin ya buɗe baki ya yi ta zuba har jikinmu ya yi sanyi mu ƙyale shi. Wata rana na buga tebur na ce, "Haba Mai Agogo, kai ne mai tambaya kai ne mai amsa? Wata uku ban sari kowa ba!" Direba ya goyi bayana. Mai Agogo ya ce gaskiya ne. Ya buɗe baƙin littafinsa ya rubuta cewa tambayar ta 'yan wasa ce, mai labari da mutanensa ba su da ikon amsa ta. Ranar har tafawa muka yi da Direba, muna ganin mun ci riba.

Shekarar da mahaifiyarsu ta rasu, damina ta yi ƙarfi. Direba yana hanya, tafiyar kwana biyu daga gida, ga wata gada da ruwa ya ci gefenta, motoci na bi ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa ta kwanta ranar Litinin. Likita ya ce zazzaɓi ne, za ta tashi. Ta ce wa babban ɗanta ya kira mata Auta. Ya ce to. Bai kira ba. Ya san ƙanensa, in ya ji haka zai taka motar nan da kaya a bayanta kamar mahaukaci, ga ruwa ga gada. Ya yi lissafi irin nasa, Auta zai dawo Juma'a da ma, kwana huɗu ne, a bar shi ya iso lafiya. Ta cika ranar Alhamis da safe. Direba ya iso ya tarar da mutane zaune a ƙofar gida, an riga an kai ta. Kafin sati ya zagayo wata 'yar uwa mai sakin baki ta gaya masa cewa kwana uku tsohuwa tana kiran sunansa.

Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi. Daina yi wa yayansa magana kawai ya yi. In sun haɗu ya sunkuyar da kai ya wuce. In saƙo ne ya ba matarsa ta kai wa matar yayan.

Dalilin Mai Agogo kuwa ta bangon katako na ji shi. Wata rana da hantsi ba kowa a shagona, ina wasa almakashi, sai na ji muryarsa daga can, ba sallama ba komai. "Sau uku ta faɗa mini." Na ce wa ke nan? Ya ce, "Inna. Kira mini Auta, sau uku." Ya gaya mini zancen gada da ruwa. Na ce to ai sai ka gaya masa haka. Ya ce, "In na tsaya gabansa harshena nauyi yake yi." Daga nan na ji ƙarar hantsaki, ya koma aiki.

Abin mamaki, Direba bai daina zuwa wasa ba. Bayan wata biyu ya shigo ranar Lahadi, ya gaishe ni, ya gaida Malam, ya ja kujerarsa ya jawo marfin kwalbarsa. Bai dubi yayansa ba. Amma da aka fara sai ya ce, "Mahayi ya tambayi mai masauki ko akwai ruwan doki." Mai Agogo ya amsa da muryar mai masauki. Haka suka yi shekara guda cur. Mahayi yana magana da alƙali, da maƙeri, da mai gadi, har raha suke yi. Ana tashi kuwa kowa ya kama gabansa. Wannan tebur shi ne kaɗai wurin da ya rage musu a duniya, ni da Malam mun sani, shi ya sa ko zazzaɓi nake yi ba na fashi.

Sai ranar mai fito.

Na lura tun shigowarmu cewa Mai Agogo ya sa rigar da yake sawa in zai je wuri mai muhimmanci. Ya ce mun iso bakin wani kogi da ya yi ambaliya. Akwai tsohon mai fito da kwalekwalensa a wurin, wanda suka tashi gida ɗaya da mahayi. Mahayi ya tambayi labarin gida. Mai fito ya ce ubangidan mahayi, wanda ya rene shi ya koya masa hawa, ya rasu tun kwana bakwai. Ya ce kafin ya rasu ya aiko da takarda a ba mahayi ya zo. Muryar da Mai Agogo ya yi wa mai fiton ba wata murya ba ce, tasa ce ta kullum.

"Takardar ta iso hannuna," in ji shi. "Ni na riƙe ta. Ban aika maka ba."

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Na dubi Direba, jijiyar wuyansa ta tashi. Shekara guda yana haɗiye abin nan, yau an kawo masa shi a gaban mutane, cikin wasa, da marfin kwalba. Mai Agogo ya buɗe baki zai ci gaba.

"Na zare takobi," in ji Direba.

Hannun Mai Agogo ya tafi kan kofin da kansa, sabo ne na shekaru. Ya ce, "Akwai sauran magana?" Ba ƙanensa ya duba ba, ni ya duba, sannan ya dubi Malam. Kalma ɗaya yake nema. Da ɗayanmu ya ce akwai, da mai fito ya samu ya ƙarasa. Shi ba shi da iko, dokar da na sa ya rubuta ta ɗaure shi. Ni kuwa, mai surutun layi, wanda ake cewa ko gawa aka kawo masa aski sai ya ja ta da hira, na ce a raina ba a shiga tsakanin 'yan uwa. Malam ya sunkuya yana goge tabarau. Har yau in na tuna shirun nan sai in ji kunya ta kama ni.

Mai Agogo ya jira fiye da yadda ya saba. Sannan ya kife kofin.

Wani mai hankali da sai ya ce a bar wasa, Auta zo mu yi magana. Wani da sai ya karya dokar, ai shi ya rubuta ta, littafinsa ne, tebur nasa. Mai Agogo bai iya ba. Ya jera wa mai fito tsinken ashana uku. Direba ya jefa, shida. Aka karya ɗaya. Jifan mai fito ya zo, ko ya kai sara ko ya gudu, iyakar abin da doka ta ba shi ke nan. Ya zaɓi sara da sandar tuƙi don kada a ce ya yi sassauci, ya jefa a fili kamar kullum, ɗaya ta fito. Direba ya sake jefawa, biyar. Jifa na uku ma bai kuskure ba. Mai Agogo ya ɗauki tsinke na ƙarshe ya karya da yatsunsa, ya ce, "Mai fito ya faɗi a bakin ruwa." Ko minti uku ba a yi ba.

Direba ya zauna yana kallon guntayen ashanan. Ina jin shi ma bai zaci abin zai ƙare da wuri haka ba. Ya miƙe, ya ɗauki makullin motarsa, ya fita. Bai tayar da kofin ba.

Na kai hannu zan tayar, Mai Agogo ya riƙe mini wuyan hannu. "Mai nasara ne ke tayarwa."

"Kai dai Allah Ya shirye ka," na ce. "Mutumin ya tafi!"

"Zai dawo ya tayar."

Bai dawo ba. Lahadi ta zo ta wuce, wata ya wuce. Kofin yana nan a kife. In zai share tebur sai ya zagaye shi da tsumma. Shekara uku aka yi haka.

Mun ci gaba da zuwa ni da Malam, amma wasan ya zama kamar miya ba gishiri. Labari ma ya daina ci gaba. Mai Agogo ya samo gwangwanin madara ya ajiye gefen kofin, ya ce da shi za mu riƙa gwaji. Wai ya gano inda kuskuren yake. Ya yi ƙofar shiga faɗa daga magana, bai yi ta dawowa ba. Wataƙila tana cikin shafukan da ɓera ya ci, in ji shi. Don haka duk Lahadi sai mu kife gwangwani mu gwada wata sabuwar doka. In aka ce kowa na iya tsayar da faɗa sanda ya so, ɗan sanena ya sari mutum sannan ya ce a yi sulhu, dokar ta lalace. In aka ce sai an jefa shida, Malam ya ce sau ɗaya ke nan cikin shida, mutum zai mutu yana jira. Ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa.

Wata rana haƙurina ya ƙare. Na ce, "Mai Agogo, gidan ƙanenka tafiyar minti ashirin ne. Zumunta a ƙafa take, ba a gwangwanin madara ba. Tashi ka je ka ce masa ka yi kuskure, ko ya zage ka ai ya yi magana." Ya ce zai je. Kuma ya je, ba gidan ba, tashar da suke ajiye motoci. Wani mai shayi a wurin ya ba ni labari. Ya ce ya ga ɗan gajeren mutumin nan tsaye bayan wata tirela kusan awa guda, yana duba agogon hannunsa, Direba yana can gefe yana ɗaure tamfol bai gan shi ba. Daga baya ya juya ya tafi. Da na tambayi Mai Agogo sai ya ce ya ga ƙanen yana aiki ne.

Na je wurin Direba ni ma, sau biyu. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini lemo. Da na ɗauko zancen sai ya ce, "Wanzam, in yana da magana ai ya san ƙofata. Ni ba marfin kwalba ba ne." Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba.

A shekara ta uku dokar ta kammala. Malam ya duba ta gaba da baya ya ce ba ta da rami. Ga abin da ta ce. Duk wanda jifansa ya zo, ɗan wasa ne ko mai labari, yana iya ajiye ɗan ludo ya tayar da kofi ya yi magana. Amma ya sani ya buɗe ƙirjinsa, in abokin faɗan ya ga dama ya sare shi ba tare da jifa ba. Mai Agogo ya karanta mana ita sau biyu, fuskarsa ta ɗan saki, rabon da in ga haka tun kafin rasuwar tsohuwa. Na ce to sai ka kai masa. Ya ce bari ya sake kwafe ta da kyau, rubutun ya yi datti.

Ranar Laraba da safe ina share gashi a ƙasa ƙura ta sarƙe ni, na yi tari. Ban ji sannu ba. Na sake yi da gangan. Shiru. Na zagaya na same shi a ƙasa bayan akwatin gilashi, ɗan gilashin yana maƙale a idonsa, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun muna cikin motar asibiti na kira Direba. Ni ban jira Juma'a ba.

Washegari ya iso, ko wanka bai yi ba. Ya tsaya a bakin gado ya daɗe. Daga ranar shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, shi ke bin layin magani. Amma magana da ni yake yi, ko da matar yayan. "Ku tambaye shi ko yana jin sanyi." Shirun shekara huɗu ba ya fita a baki rana ɗaya. Likita kuwa ya ja mu gefe ya ce ƙafar tana iya dawowa kaɗan, amma harshen kada mu sa rai.

Da aka sallame shi, maiɗakinsa ta roƙe mu mu kwashe kayan shago, don ba mai komawa. Muka kwashe agogunan a kwali. Da muka zo kan tebur Malam ya dube ni, na dube shi. Haka muka ɗauke shi mu biyu, shi gaba ni baya, hannuna ɗaya danne da kofin don kada ya zame, muka bi layi mutane na kallonmu kamar mun taɓu. Muka ajiye shi gefen gadonsa. Ya ga kofin yana nan yadda yake, ya lumshe ido.

Ranar Lahadi da yamma Direba ya shigo da ledar magani. Ya yi turus a bakin ƙofa.

"Wannan fa?"

"Yadda ka bar shi," na ce. "Ya hana kowa taɓawa. Wai mai nasara ne ke tayarwa."

Ya ajiye ledar a hankali. Malam ya buɗe baƙin littafin ya miƙa masa. Ya fara daga inda aka soke, shafi bayan shafi, kowanne da kwanan wata, Lahadi bayan Lahadi, har ya kai kan dokar ƙarshe. Leɓensa na motsi yana karantawa. Ya juya shafi na gaba. A samansa an rubuta, "Abin da mai fito zai faɗa." Ƙasa kuwa babu komai, farar takarda ce har ƙarshe.

Ya ja kujera ya zauna. Ya kai hannu ya kama kofin, sai da ya ɗan murɗa don ya manne da katako. Ya tayar da shi. Tsatsa ta bar zobe a kan tebur. Ya laluba aljihunsa ya ciro ashana, ya zaro tsinke ɗaya ya ajiye kan bargo, kusa da hannun yayansa mai lafiya.

"Na ba mai fito rai ɗaya daga nawa," in ji shi. "Yaya. Akwai sauran magana?"

Ban jira kowa ba wannan karon. Na ce akwai.

Mai Agogo ya ɗago kai daga matashi. Wuyansa ya ɗaure, idon nan ƙarami ya cika da ruwa. Bakin ya buɗe, ɓari ɗaya na motsi ɗaya na tsaye. Wani sauti ya fito, ba kalma ba. Ya sake gwadawa. Ya gwada na uku har gumi ya keto masa. Yawu ya gangaro ta gefen bakin zuwa wuyan riga. Direba ya kifa goshinsa a bakin gadon, ƙaton nan, kafaɗunsa na girgiza. Malam ya fita waje. Mutane na cewa shiru ma magana ce. Wanda ya fara faɗin haka bai zauna a ɗakin nan ba ranar.

Na gaya wa Direba zancen gada da ruwa daga baya, yadda na ji shi ta bango. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya gode. Ya ce da ma ya yi zaton haka ne tun tuni. Daga bakinsa yake son ji.

Yanzu shekara biyu ke nan. Shagon agogo ya zama na sayar da caja da murfin waya, yaron da ke ciki ba ya jin tarina saboda abin da ya toshe kunne da shi. Duk Lahadi da yamma nakan ɗauki kilifa da tawul in je in yi wa Mai Agogo aski, Malam ya zo da marafan kwalba. Direba ya daina tafiya mai nisa. Shi ke riƙe da labari yanzu, kuma bai iya ba ko kaɗan, duk mutanensa muryar direba gare su. Ba a ƙara zare takobi a teburin ba. A kofin nan yake haɗa wa yayansa shayi ya ba shi da cokali.

In za mu tashi sai ya ɗora hannu a bakin kofin ya ce, "Akwai sauran magana, Yaya?" Sai mu tsaya duka. Minti guda cur yake ba shi, yana duba agogon bango, don ya san mutumin ba ya son a rage masa lokaci ko a ƙara. Bakin ya yi ta motsi. Sannan Direba ya ɗauki tsumma ya goge masa haɓa, ya ce sai Lahadi.